Dokar Hana Shan Taba A Bainar Jama'a: Ina Gaskiyar Masu Ƙorafi A Zango?

Tun shekarar 2012 ƙasarmu Gana take da dokar da ta hana busa sigari a wuraren da jama'a ke taruwa, amma har yanzu idan aka ta da maganar a teburin mai shayi a Nima ko Maamobi, ko a tashar mota ta Malam, sai ka ji kamar jiya aka kafa ta. Wasu suna cewa 'yan majalisa sun rasa aikin yi ne, shi ya sa suka bar maganar ruwa da kwata da rashin aikin samari suka koma kan karan sigarin talaka. Wasu kuma, musamman iyaye mata, cewa suke yi ai dokar ma ba ta yi tsanani ba. Mu da muke aikin koyarwa a makarantun waɗannan unguwanni muna jin ɓangarorin biyu, domin 'ya'yan masu sha da 'ya'yan masu sayarwa da 'ya'yan masu tari duk a aji guda suke zaune a gabanmu.

Bari mu fara da abin da dokar ta ƙunsa, don da yawa daga cikin masu zaginta ba su taɓa jin an karanta musu ita ba. Sunanta Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012, mai lamba 851, kuma kashi na 6 a cikinta shi ne ya shafi taba. Majalisar Dokoki ta amince da ita a zamanin da Alban Bagbin yake ministan lafiya, Shugaba John Mahama kuma ya sa mata hannu a wannan shekarar, bayan rasuwar Shugaba Atta Mills. Dokar ba ta haramta shan taba ba. Abin da ta hana shi ne a sha a wurin aiki, ko cikin motar haya, ko asibiti, ko makaranta, ko gidan abinci, da sauran wuraren da jama'a ke shiga, sai fa a wani gefe da aka keɓe don haka. Ta hana tallar taba, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana a aiki yaro ya sayo. Wanda ya karya, ana iya cin sa tarar da ta kai sidi 9,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko duka biyun. A 2016 aka fitar da ƙa'idojin aiwatarwa masu lamba L.I. 2247, kuma Hukumar Kula da Abinci da Magunguna, watau FDA, ita aka ɗora wa alhakin sa ido. Hotunan cututtuka masu ban tsoro da muke gani a jikin kwalin sigari tun 2018 daga nan suka samo asali.

Masu cewa 'yan majalisa sun yi gaggawa, tarihi bai goyi bayansu ba. Gwamnatin PNDC ta hana tallar sigari tun 1982. Gana ta tabbatar da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba a 2004, tana cikin ƙasashen farko da suka yi haka. Daga nan sai daftarin dokar ya kwanta shekara da shekaru yana shan ƙura, ƙungiyoyi irin su VALD suna ta kai gwauro suna kai mari, kafin a cusa shi cikin babbar dokar lafiya bayan shekara 8. Sai da aka ƙara wasu shekaru 4 kafin ƙa'idojin su fito. Idan akwai laifin da za a kama wakilanmu da shi a nan, to jan ƙafa ne. Nijeriya ta yi dokar soja a kan shan taba a bainar jama'a tun 1990, ta sabunta ta a 2015. Ƙasar Ailan ta kori hayaƙin sigari daga duk wuraren aiki har da mashaya a 2004, Ingila ta bi sahu a 2007.

To, amma kada mu yi saurin watsi da ƙorafin mutanenmu, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa, kuma gaskiyar tana nan ne a maganar wurin da aka keɓe. Babban otal a Osu ko a unguwar filin jirgi yana da fili da kuɗin da zai ware ɗaki ko lambu ya ce nan ne na masu sha, baƙonsa ya kunna sigarinsa hankali kwance, doka ba ta taɓa shi ba. Mai shayi a bakin titin Nima kuwa benci biyu ne duk dukiyarsa. Ina zai keɓe? Direban trotro da ya wuni a layi yana jiran fasinja, tasha ita ce ofishinsa, ita ce wurin hutunsa. Ɗan dako a kasuwa haka. Watau doka guda ce, amma nauyinta ya fi sauka a kan wanda rayuwarsa duka a waje take, kuma mutumin Zango a waje yake rayuwa, saboda ɗakin da yake haya bai isa ya miƙe ƙafa ba balle ya karɓi baƙo. Tarar sidi 9,000 kuma, ga wanda abin da yake samu a wata bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba, ba horo ba ne, rushe gida ne. Daɗin daɗawa, samarinmu sun daɗe suna kukan cewa duk lokacin da za a yi samame, unguwanninmu ake fara tunawa. Saboda haka idan matashi ya ji an ce ga wata sabuwar hujjar tsare mutum a titi, ba lafiyar huhunsa yake fara tunani ba. Duk ɗan majalisar da bai fahimci wannan tsoro ba, bai san mutanen da suka zaɓe shi ba.

Akwai kuma masu tebur, galibi tsofaffi da zawarawa, waɗanda ke haɗa sigari da goro da alewa da ashana. Ƙa'ida ta hana sayar da sigari kara-kara, alhali kuwa kowa ya san haka ake sayar da shi daga Malam har Madina, don mai saye ba ya da kuɗin kwali. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma sigarin ne ke janyo mai sayen sauran kayan. Waɗannan mutane ba wanda ya zauna da su ya yi musu bayani da Hausa ko Dagbani ko Zabarmanci, an dai manna takardu da Turanci.

Inda muka rabu da masu ƙorafi shi ne inda suke cewa, "Jikina ne, kuɗina ne, ina ruwan wani?" Da hayaƙin yana tsayawa a ƙirjin mai shi, da maganarsu ta zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutane fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A cikin hayaƙin akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Yaro kuwa numfashinsa ya fi na babba sauri, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, shi ya sa asma da ciwon kunne da ciwon haƙarƙari suka fi kama 'ya'yan gidan da ake busawa. Mace mai ciki da ke zaune kusa da mai sha a cikin trotro daga Malam zuwa Kaneshie, ga cunkoso, ga tagogi rabi a rufe, ba a nemi izininta ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta yi wa namiji baƙo magana ba. Dokar ita ce bakinta. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tune da lokacin da ake kunna sigari a cikin motar haya da gidan sinima ba mai cewa uffan. Yau da wuya ka ga haka, kuma ba mu ji wanda ya ce yana kewar wancan zamani ba, har a cikin masu shan.

Haka nan ba daidai ba ne a ce ƙin taba baƙon ra'ayi ne da Turawa suka kawo. Malaman ƙasashenmu sun yi muhawara a kanta tun farkon shigowarta, har Ahmad Baba na Tumbutu ya yi rubutu a farkon ƙarni na 17 yana ganin halaccinta, wasu suka saɓa masa. Ɗarikar Tijjaniyya, wadda mabiyanta suke da yawa ƙwarai a Zangunan Gana, ta daɗe da hana muridanta taba. Wane ne a cikinmu zai kunna sigari a gaban mahaifinsa, ko a harabar Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda? Ladabinmu ya riga dokar Majalisa hana shan taba a gaban mutane. Bambancin kawai shi ne ladabin yana kare manya ne, ya bar yara da mata, alhali su ne hayaƙin ya fi yi wa illa.

Maganar cewa dokar ta kashe ayyukan yi ma ba ta da tushe. Masana'antar sigari ta Takoradi, wadda aka sani da Pioneer Tobacco tun shekarun 1950, kamfanin British American Tobacco ya rufe ta a 2006, shekara 6 kafin dokar, ya koma kawo kaya daga waje. Kuɗin da ɗan Nima ke ƙonawa yau ƙetare yake tafiya, wani ma aljihun 'yan fasa-ƙwauri da ke shigo da sigari ta iyakar Togo.

Abin da ya fi damun mu a matsayinmu na malamai shi ne wurin da dokar ba ta isa. Gidan haya mai ɗaki 15 ko 20, tsakar gida ɗaya, ba wurin jama'a ba ne a idon doka, amma mutanen da ke cikinsa sun fi na wani gidan abincin yawa. Mutumin da aka hana shi sha a tasha, gida zai dawo ya sha a bakin ƙofa, inda ake girki, inda jarirai ke kwance. Har gobe ana aiken yara 'yan aji uku su sayo kara biyu, mai tebur kuma ya miƙa musu don ya san uban. Sannan ga shisha, wadda ta shigo da ƙamshin tuffa da na'ana'a, samari suna zagaye ta a dandalinsu kamar butar ataya, suna cewa ai ruwa ya tace dafin. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, garwashin da ake ɗorawa ma ƙarin guba yake. Binciken da aka yi a makarantun Gana a 2017 ya nuna 'yan mata sun fi samari shan ta, abin da ya kamata ya tayar da hankalin kowane uba. Shisha taba ce, kuma duk abin da dokar ta faɗa a kan sigari ya hau kanta.

Saboda haka idan wakilanmu na Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa da na yankin Malam suka zo taron unguwa, ba soke dokar ya kamata mu nema ba, don ba za a soke ta ba, kuma bai dace a soke ba. Tambayoyin da za mu yi musu daban ne. Dokar nan da kanta ta yi tanadin wayar da kan jama'a da kuma yi wa masu son dainawa magani. A wane ɗaki ne a asibitocin unguwanninmu direban da ya shekara 20 yana sha zai je a taimake shi ya bari? A 2023 Majalisa ta ƙara harajin sigari. Nawa ne daga cikin kuɗin ya dawo ta wannan hanya? Me zai hana a ware wani lungu a kowace babbar tasha, nesa da layin fasinja, kamar yadda aka yi a birnin Nairobi na Kenya, don talaka ma ya sami abin da baƙon otal ya samu? Kuma me zai hana a fara da gargaɗi da ƙaramar tara ga mai laifin farko, a ajiye babbar ga masu gidajen shisha da ke tara yara?

Sarakunan Zango da limamai su ma suna da rawar da ba sai an jira Majalisa ba. Mai gidan haya yana iya sa sharaɗi tun ranar karɓar kuɗin ɗaki cewa ba a busawa a tsakar gida, kamar yadda ake sa sharaɗin shara da kuɗin wuta. Mu kuma a makarantu za mu ci gaba da ta da maganar aiken yara sayen sigari a duk taron iyaye da malamai, kuma muna roƙon iyaye maza su riƙa zuwa da kansu, domin mafi yawan lokaci iyaye mata ne kaɗai ke cika benci.