Tabarau Mai Kai Mutum Wata Duniya: Abin Da Na Gani A Tambuwal

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labarin na'urar nan da ake ɗaurawa a fuska kamar tabarau, wadda ake kira VR, mai sa mutum ya ga kansa tsundum cikin wasan kwamfuta, amma ban taɓa sa ta ba sai a ƙaramar Sallar 2024, lokacin da na je gida Tambuwal. Ɗan ƙanwata, wanda ke zaune a Kebbe, shi ya zo da ita. Ya sayi ta hannu, samfurin Quest 2 na kamfanin Meta, kuma ya zo ne neman shawarata, domin yana son ya sayar da shanun huɗarsa guda biyu ya ƙaro uku, ya buɗe shagon wasa kamar yadda ake da gidajen kallon ƙwallo da na PlayStation.

Ya ce da ni, "Kawu, sa ka gani, ba sai na yi maka bayani ba." Na sa. Gaskiya abin ya ba ni mamaki, domin nan take zauren gidanmu ya ɓace, na tsinci kaina cikin wata mota tana sheƙa gudu a gefen dutse. Amma kafin minti goma gumi ya jiƙa soson da ke manne da fuskata, gilashin ya yi hazo, wuyana ya ƙage, zuciyata ta fara tashi. Da na cire, sai da na zauna a kan tabarma na ɗan lokaci kafin jiri ya sake ni.

Mai karatu zai so ya san dalili. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wani sashe da ke auna motsin jiki da daidaituwarsa. Idan ido ya shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana gudu, kunne kuma ya ce ana zaune, sai saɓani ya auku, sakamakonsa shi ne jiri da tashin zuciya. Duk wanda ya taɓa karanta saƙon waya a kujerar baya ta mota tsakanin Tambuwal da Kebbe ya san irin wannan hali, sai dai a mota jiki ne ke motsi ido yana tsaye, a cikin tabarau kuwa akasin haka ne. Haka kuma idan hoton ya yi jinkirin bin juyawar kai, ko da ƙiftawar ido ne, abin yana ƙaruwa.

Sai batun nauyi. Quest 2, wadda ta fito a 2020, nauyinta giram 503 ne, wato rabin kilo, kuma kusan dukkansa a gaban fuska yake. Quest 3 ta 2023 giram 515 ce. Vision Pro ta kamfanin Apple, wadda aka fara sayarwa a 2024 kan dala 3,499, ta kai giram 600 zuwa sama, ban da batirinta da ake riƙewa daban. Matsalar kuwa tsohuwa ce. Na'urar da Ivan Sutherland ya haɗa a Amurka a 1968 sai da aka rataye ta daga rufin ɗaki. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Virtual Boy a 1995, masu wasa suka yi ta kukan ciwon kai da gajiyar ido, kafin shekara ta zagayo an daina ƙera ta. Facebook ya sayi Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2, an samu ci gaba mai yawa tun daga lokacin, amma wuyan ɗan Adam da kunnensa suna nan yadda Allah Ya halicce su.

To, in haka abin yake a ƙasashen da ake wasa cikin ɗaki mai sanyi, ina ga ƙasar Sakkwato, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40? Na'urar kanta tana ɗaukar zafi, batirinta awa biyu zuwa uku yake yi, a garin da ba a dogara da wutar lantarki. Hasken rana idan ya faɗa kan gilashinta kai tsaye yana iya ƙona allon ciki, ƙurar hunturu kuma tana karce shi. Sannan tabarau ɗaya da zai zagaya fuskar yara talatin a yini, da gumin kowa a jikin soso, hanya ce buɗaɗɗiya ga ciwon ido irin su afolo, muddin ba a gogewa bayan kowane mutum.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faru da wani yaron maƙwabta, ɗan kimanin shekara goma sha biyu, wanda shi bai ji jiri ba ko kaɗan. Ya nutse cikin wasan har aka kira sallar La'asar bai ji ba, mahaifiyarsa ta aiko sau biyu bai sani ba, daga ƙarshe ya kai hannu ya doki randar zaure. A nan na fahimci cewa na'urar tana da kaifi biyu: idan ta kasa yaudarar jikinka sai ta sa ka rashin lafiya, idan ta yi nasara kuma sai ta raba ka da inda kake. Yaron da ke kallon ƙwallo a gidan kallo yana ganin wanda ya shigo, wanda ke cikin tabarau kuwa makaho ne kuma kurma ga duk abin da ke kewaye da shi.

Ba ina cewa a guji fasahar ba ne. Ana amfani da irinta wajen horar da matuƙa jirgi da ɗaliban likitanci, kuma bai kamata yaranmu su zama 'yan kallo ba. Shawarar da na ba ɗana ita ce kada ya taɓa shanunsa. Ya fara da guda ɗayar da ke hannunsa, ya gwada ta tsawon bazara guda, da safe da kuma bayan Magariba, kowane yaro kada ya wuce minti goma sha biyar, a zaune, da babba a kusa, da murfin roba mai goguwa a kan soson. Wanda ya ji jiri ya cire nan take, kada abokai su zuga shi ya daure.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, damina ta kusa, dama ina tunanin da me zan yi huɗa." Ina kira ga sauran matasanmu masu irin wannan buri da su auna abin da ma'aunin garinsu kafin su zuba jarinsu, iyaye kuma su san abin da ake ɗaura wa 'ya'yansu a fuska. Allah Ya sa mu dace.