Kukan Ranar Farko: Yadda Za Mu Taimaki Ƙananan Yara Su Saba Da Makaranta



Watan Satumba ya kama, makarantun Jamhuriyar Benin suna shirin buɗewa. A nan Garou, kamar sauran garuruwan Malanville, akwai yara 'yan shekara uku zuwa biyar da za su taka ƙofar aji karo na farko. Mun san abin da safiyar nan take zuwa da shi. Yaro zai ƙanƙame zanin uwarsa yana tsala kuka, uwa ta rasa yadda za ta yi, daga ƙarshe ta goya shi ta koma gida tana cewa bari ya ƙara girma. Mun sha ganin yaron da aka mayar gida a makon farko bai sake dawowa ba har shekarar ta ƙare. Shi ya sa muka rubuta wannan bayani, domin mu fahimci dalilin kukan tare, mu kuma san abin da ke kawo sauƙinsa.

Wace makaranta ce wannan?

A Benin ana kiranta matarnel, wato makarantar share fage. Aji biyu ne, na ƙanana da na manya, kafin yaro ya shiga CI, ajin farko na firamare. Tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da ilimin share fage da na firamare. Tun watan Oktoba na 2006 gwamnati ta soke kuɗin makaranta a matarnel da firamare na gwamnati. Wannan bai hana a nemi ku kawo allo, alli ko tufafin makaranta ba, don haka ku tambayi darekta abin da ake bukata tun da wuri, wanda ya gagare ku kuma ku sanar da mu.

Ɗan gudun hijira yana da haƙƙin zama a ajin nan. Sashe na 22 na yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, wadda Benin take cikinta, ya ce a ilimin matakin farko a yi wa ɗan gudun hijira abin da ake yi wa ɗan ƙasa. Ba alfarma kuke roƙo ba.

Wasu iyaye kan ce ai wasa kawai ake yi a can. Gaskiya ne ana wasa, amma cikin wasan ne yaro yake koyon riƙe alli, ƙirga da tsakuwa, jiran layi, wanke hannu da zama tare da yaran da bai sani ba. Mafi muhimmanci, kunnensa yana sabawa da Faransanci, harshen da za a koyar da shi da shi tun daga CI har jarrabawar CEP. Yaron da ya shiga CI bai taɓa jin harshen ba yakan daɗe yana kallon bakin malami kawai. Kuma matarnel ba ta hana makarantar allo. Ana iya haɗa su, wannan da safe, waccan da yamma.

Akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba. Idan ƙarami yana aji, yayarsa da ake tsayarwa a gida don raino ita ma ta samu damar zuwa tata makarantar.

Me ya sa yaranmu suke kuka haka?

Kowane yaro a duniya yana tsoron rabuwa da wanda ya saba da shi. Ɗan shekara uku bai san tsawon lokaci ba. In an ce masa "anjima zan dawo", bai san ko anjimar nan yau ce ko har abada ba.

Amma yaranmu suna da ƙarin dalili. Wasunku sun ƙetaro kogin Isa daga Nijar, wasu sun fito daga Najeriya, wasu daga ƙauyukan nan cikin Benin. Yaro ya ga an tashe shi cikin dare, an bar gida da akuya da abokan wasa ba sallama. Wani ya ga wanda ya fita bai dawo ba. Ko bai iya faɗa da baki ba, abin yana ransa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Idan uwa ta juya baya a ƙofar aji, abin da yaron yake ji shi ne an sake tafiya an bar shi.

Ga kuma harshe. Yawancin yaran gari a nan Dendi suke ji, malama tana haɗawa da Faransanci, shi kuwa da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci ya tashi. Ku tuna yadda kuka ji ranar da kuka fara tsayawa gaban wani jami'i ba ku fahimtar abin da yake cewa. Haka yaron yake ji, ga shi kuma bai fi tsawon gwiwarku ba.

Saboda haka a makonnin farko kuna iya ganin yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, ko ya riƙa bin uwarsa har bakin makewayi, ko ya ce cikinsa na ciwo kowace safiya, ko ya dawo gida yana dukan ƙannensa. Wannan ba taurin kai ba ne, ba shagwaɓa ba ce. Tsoro ne, kuma duka ba ya maganin tsoro, ƙara shi yake yi.

Kafin ranar buɗewa

Ku je da shi ya ga makarantar sau biyu ko uku, ta hanyar da za ku riƙa bi kullum. Ku nuna masa ajin, da inda ake shan ruwa, da makewayi. In malama tana nan, ku gaisa da ita a gabansa da fara'a. Yaro yana karanta fuskar uwarsa kafin ya amince da baƙo.

Ku gaya wa malama sunan da ake kiransa da shi a gida. A takarda yana iya zama Muhammadu ko A'ishatu, amma a gida Abba ne ko Ummi, domin an yi wa kaka takwara. Mun ga yaron da aka yi kwanaki ana kira bai amsa ba, har aka ɗauka kurma ne, ashe bai san sunan nasa ba ne.

Ku koya wa malama kalmomi kaɗan na harshenku: ruwa, fitsari, bayan gida, ciwo, yunwa. Ku kuma nemi wani yaro maƙwabci da ya riga ya saba, su riƙa tafiya tare.

Ku fara kwantar da shi da wuri mako guda kafin buɗewa. In kuna shirin yaye shi ko mayar da shi wajen kaka, kada ku haɗa da makon shiga makaranta. Rabuwa biyu a lokaci ɗaya ta yi masa yawa.

Kada a tsorata shi da makaranta. Maganar "zan kai ka wajen malam ya zane ka" ko "in ba ka yi shiru ba soja zai kama ka" tana rushe duk shirin da aka yi. Dokar kare yara ta Benin ta 2015 ta hana dukan yaro a makaranta. In aka doki ɗanku, ku gaya wa darekta, ku gaya mana.

Safiyar farko: kada ku sulale

Wannan shi ne abin da muka fi so ku riƙe a duk bayanin nan. Al'adarmu ce a shagaltar da yaro da wasa, uwa ta zame bai gani ba. Muna yin haka don tausayi, kada mu ga hawayensa. Amma idan ya ɗaga kai bai gan ki ba, darasin da ya ɗauka shi ne: in na saki ido, inna za ta ɓace. Gobe sai ya ƙi sakin zaninki sam.

Abin da ya fi shi ne ki durƙusa daidai tsawonsa, ki dube shi, ki ce: "Abba, zan je gida in dafa abinci. Za ka zauna da malama. Kafin a kira sallar azahar ina nan bakin ƙofar nan." Ki ɗaura alƙawarin da abin da ya sani, kamar kiran salla ko lokacin cin abinci, ba da agogo ba. Sannan ki miƙa hannunsa ga malama, ki tafi. Kada ki tsawaita, kada ki koma leƙe ta taga. Zai yi kuka, amma kukan wanda aka yi wa sallama ya fi saurin tsayawa a kan na wanda aka gudu aka bari.

Sai kuma babban aikin: ki dawo a lokacin da kika ce, ko ma kafin lokacin. Kowace rana da kika cika alƙawari, yaron yana koyon abin da gudun hijira ya ƙwace masa, wato cewa wanda ya tafi yana dawowa.

Ki bar masa wani abu naki, kamar tsohon ɗankwali mai ƙanshin jikinki, ya riƙe a aljihu. In ɗan fari ne kuma kina jin nauyin rarrashinsa a gaban mutane, ba laifi kaka ko gwaggo ta raka shi. Sharaɗin kawai ya zama wadda ya saba da ita, kuma ita ce za ta riƙa zuwa kullum a makon farko. Iyaye maza, wannan aiki naku ne ku ma. Yaron da mahaifinsa ya riƙe hannunsa zuwa makaranta yakan shiga da ƙarfin zuciya.

Ga yaron da tsoronsa ya yi yawa, muna ba da shawarar a bi sannu a hankali, bayan an daidaita da malama. Kwana biyun farko mai rakiya ta zauna a gefe inda yake ganinta. Kwana na uku da na huɗu ta yi sallama ta fita na ɗan lokaci ta dawo. A mako na biyu a ƙara tsawon lokacin har ya kai na tashi. Sannu ba ta hana zuwa. Abin da ke mayar da aiki baya shi ne a kawo shi yau, a fasa gobe da jibi.

Ranar rabon kayan abinci ko ranar da za ku kasuwar Malanville, layi da hanya suna iya riƙe ku. Ku zaɓi mutum ɗaya tun yanzu wanda zai ɗauko yaron, ku gabatar da shi ga malama, ku kuma gaya wa yaron tun da safe wanda zai zo.

Takardu, abinci da lafiya

Da yawa sun fito ba takardar haihuwa. Kada wannan ya zaunar da ku a gida. Ku zo da duk abin da kuke da shi, takardar rajistar iyali ko katin allurar rigakafi, mu raka ku wajen darekta. Yaron da aka haifa a nan Benin, a yi rajistar haihuwarsa ba da jinkiri ba. Hukumar ANIP ce ke kula da takardun shaidar mutane, kuma za a nemi takardar nan gaba lokacin jarrabawa.

Tun 2017 gwamnatin Benin take da shirin ciyar da yara a makarantun gwamnati. Ku tambaya ko ajin ɗanku yana ciki. Ko yana ciki, ku ba shi koko ko ɗumame kafin ya fita, domin yaro mai yunwa ba ya rarrasuwa.

Buɗe makaranta yana zuwa daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa. In jikin yaro ya yi zafi, asibiti za a kai shi a ranar, ba aji ba, a kuma aika wa malama. Ya riƙa kwana cikin gidan sauro. Lokaci ne kuma da kogi yake cika, ruwa yana kwanciya a fadamu da gonakin shinkafa. Kada a bar ƙaramin yaro ya bi hanya shi kaɗai, ko a hannun ɗan shekara shida.

Yaushe za ku neme mu?

Yawancin yara sukan saba cikin 'yan makonni. Alamar ita ce ya yi kuka a ƙofa amma ya yi shiru bayan kin tafi, ya dawo gida da waƙa ko sunan aboki. Da yamma ki tambaye shi da wa ya yi wasa, me ya ci. In bai so magana ba, kada a matsa masa.

Amma in wata guda ya wuce yana kuka tun safe har tashi, ko ya daina magana gaba ɗaya, ko ya ƙi cin abinci yana ramewa, ko yana firgita kowane dare, ko yana ɓuya idan ya ji ƙarar babur, to ku zo mu zauna. Ba abin kunya ba ne, kuma ba hauka ba ne. Akwai ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a da za mu haɗa ku da su, kuma maganar za ta tsaya tsakaninmu. Haka nan in ke uwa ce zuciyarki ta kasa sakin yaron saboda abin da kika gani a hanya, ki zo ki faɗa mana. Ba ke kaɗai ba ce.

Yaro mai naƙasa, ko wanda bai fara magana sosai ba, shi ma yana da wuri a aji. Ku zo da shi mu duba abin da zai bukata. 'Ya mace da ɗa namiji duk ɗaya ne a wannan haƙƙi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda. Mai tambaya ya same mu a wajen ma'aikatan sashen ilimi kafin ranar buɗewa. Allah ya raya mana su, ya sa albarka a karatunsu, ya dawo mana da zaman lafiya.