Itacen Tunawa da Mamaci: Bayani kan Al'adar Dasa Itace a kan Tokar Gawa a Turai da Japan

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin wata al'ada da ta bayyana a Turai da Japan tun daga shekarun 1990, wato binne tokar mamacin da aka ƙona a gindin itace, ko dasa sabon itace a kanta, domin itacen ya maye gurbin dutsen kabari. Maƙalar ta bi diddigin asalin al'adar da sigoginta, ta fayyace abin da tokar ta ƙunsa da yadda take shafar tsiro, sannan ta auna da'awar cewa wannan hanya tana kare muhalli. An nuna cewa tokar tana iya kashe tsiron da aka dasa a kanta idan ba a sarrafa ta ba, kuma alfanun al'adar ga muhalli ya dogara ne a kan filin da aka killace.

1.0 Gabatarwa

Duk al'ummar da ta zaɓi ƙona gawa a madadin binne ta, tana fuskantar wata tambaya wadda ba ta taɓa taso wa Bahaushe ba, wato ina za a kai abin da wuta ta bari? An daɗe ana zuba tokar a tulu a ajiye a gida, ko a cikin gurabun da aka gina a bangon makabarta, ko a watsa ta a kogi da teku. A ƙarshen ƙarni na 20 sai wata amsa ta daban ta fito: a mayar da tokar ƙasa a gindin itace, yadda dangi za su sami abu mai rai da za su riƙa ziyarta. Masu tallata wannan hanya sukan ce mamacin zai koma itace. Maganar tana da daɗin ji ga wanda ke cikin alhini, amma akwai buƙatar a san gaskiyar abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa, domin mutuwar itacen da aka dasa da sunan uwa ko ɗa takan zame wa iyali rashi na biyu.

2.0 Yaɗuwar Ƙona Gawa

Ƙona gawa tsohuwar al'ada ce ga mabiya addinin Hindu da na Buda. A Turai kuwa, zuwan Kiristanci ya kawar da ita tsawon ƙarnoni, sai a ƙarshen ƙarni na 19 ta dawo saboda cunkoson makabartun birane da fargabar cututtuka. An buɗe gidan ƙona gawa na zamani a birnin Milan na Italiya a 1876, an kuma yi ƙonawar farko a hukumance a garin Woking na Ingila a 1885, kafin majalisar dokokin Birtaniya ta tsara harkar da doka a 1902. Cocin Katolika ta janye haramcin da ta ɗora a kan ƙonawa a 1963. A yau fiye da kashi 99 cikin 100 na mamatan Japan ƙona su ake yi, a Birtaniya adadin ya haura kashi 75, a Amurka kuma ya wuce rabi tun daga 2016. Wannan yawan toka shi ya haifar da neman sababbin wuraren ajiye ta.

3.0 Sigogin Al'adar

3.1 Binnewa a Dajin da ya Riga ya Girma

Wani ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Ueli Sauter shi ya fara wannan tsari a shekarun 1990, ya kuma sa masa suna FriedWald. Tsarin ya shiga Jamus a 2001, inda aka buɗe daji na farko a Reinhardswald, kusa da birnin Kassel. A nan ba a dasa sabon itace. Mutum yakan zaɓi babban itace tun yana raye, ko danginsa su zaɓa masa, a binne tokarsa a cikin tulu mai ruɓewa a kusa da gindin, a liƙa ɗan ƙaramin allo mai ɗauke da sunansa. Ba a yarda a ajiye dutse ko kyandir ko kayan ado ba. Yarjejeniyar takan kai shekara 99, kuma a tsawon wannan lokaci ba a sare itacen domin katako.

3.2 Binnewa a Gindin Tsiro a Japan

A 1999 shugaban wurin ibadar Buda na Shōunji da ke Ichinoseki a lardin Iwate, Chisaka Genpō, ya buɗe makabartar itace ta farko a Japan. Ana haƙa rami a gefen tsauni, a zuba ƙasusuwan da aka ƙona kai tsaye ba tare da tulu ba, a dasa ɗan tsiro irin na yankin a kai. Manufarsa ta haɗa da farfaɗo da dazuzzukan karkara da manoma suka yi watsi da su. Abin da ya sa tsarin ya karɓu shi ne sauyin da ya sami iyali. Kabarin gargajiya na Japan na zuriya ne, babban ɗa ke gadon kula da shi da biyan kuɗinsa. Da haihuwa ta ragu, matasa kuma suka koma birane, mutane da yawa sun rasa magajin kabari, don haka suka nemi makwancin da ba ya buƙatar mai kula daga cikin dangi.

3.3 Tulu Mai Ɗauke da Iri

Siga ta uku kayan sayarwa ce. A 1997 wani mai zanen kayayyaki a Sifen, Gerard Moliné, ya ƙirƙiro tulun da aka sani da Bios Urn. Tulun yana da ɗaki biyu: na ƙasa na toka, na sama na ƙasar shuka da iri ko dashe. A Italiya kuma Anna Citelli da Raoul Bretzel sun fito da Capsula Mundi a 2003, wato mazubi mai siffar ƙwai wanda ake binnewa a dasa itace a kansa. Ana yin irin waɗannan tuluna da abubuwan da ke ruɓewa, kamar takarda da zaren tsirrai.

4.0 Abin da Tokar ta Ƙunsa

Kalmar toka tana iya ɓatar da mai karatun Hausa. Tokar da Bahaushe ya sani ta itace ce ko ta kara, wadda manomi ke kaiwa gona tare da shara domin ƙara wa ƙasa ƙarfi. Abin da ke fitowa daga gidan ƙona gawa kuwa garin ƙashi ne. Ana sanya gawa a tanderun da zafinsa ke tsakanin digiri 760 zuwa 980 a ma'aunin Salsiyos na tsawon awa ɗaya da rabi zuwa uku. Tsoka da kitse da ruwan jiki duk sukan bi iska, su bar gutsattsarin ƙasusuwa waɗanda ake niƙawa da inji. Nauyin abin da babban mutum ke bari yakan kai kilo 2 zuwa 3.

Wannan gari yana da siffofi uku da ke hana shi ciyar da tsiro. Na farko, wuta ta riga ta kore sinadarin naitirojin da duk wani abu mai ruɓewa, waɗanda su ne ƙashin bayan taki. Abin da ya saura mafi yawansa kalsiyam ne da fosfet, kuma zafin tanderu ya mayar da su dunƙulen da ba ya narkewa cikin sauƙi. Shaidar haka ita ce masu binciken kayan tarihi a Turai suna tono tulunan da aka binne fiye da shekara 3,000 da suka wuce, su tarar da ƙonannen ƙashi a ciki bai narke ba.

Na biyu, garin yana da kaifi irin na kanwa. A ma'aunin pH, wanda ke tashi daga 0 zuwa 14, yawancin tsirrai sun fi son ƙasar da ke tsakanin 6 da 7, alhali tokar gawa takan kai wajen 11 zuwa 12. A ƙasa mai irin wannan kaifi saiwa ba ta iya zuƙar sinadarin ƙarfe da makamantansa ko da suna nan, sai ganye ya yi rawaya, girma ya tsaya. Na uku, akwai gishirin sodiyam mai yawa a ciki. Gishiri yana janye ruwa daga saiwa, har tsiro ya yi yaushi ko da ana ba shi ruwa kullum. Duk wanda ya ga yadda filin kanwa ke zama fako ya riga ya fahimci abin da ke faruwa a ramin da aka tara kilo 3 na wannan gari wuri ɗaya.

5.0 Yadda ake Kauce wa Illar Tokar

Dabarun da ake bi duk sun ginu ne a kan rage haɗuwar saiwa da toka. Dabara ta farko ita ce rabewa, kuma ita ce hikimar tulu mai ɗaki biyu: dashe yakan kafu a ƙasa mai kyau na tsawon watanni kafin saiwarsa ta isa ɗakin toka. Ta biyu ita ce gauraya tokar da ƙasa mai yawa da ruɓaɓɓen ganye ko wani haɗi mai tsami, a bar shi ya kwanta na wani lokaci domin kaifin ya ragu, ruwan sama kuma ya wanke gishirin. Ta uku ita ce amfani da ɗan kaɗan daga tokar, a kai ragowar wani wuri. Ta huɗu ita ce zaɓen babban itace, kamar yadda ake yi a Jamus, domin saiwoyinsa sun bazu nesa, illar rami ɗaya ba za ta girgiza shi ba. Dashen da ya yi ƙwari ya fi iri juriya, itacen da ya saba da yankin kuma ya fi baƙo. Abin da waɗannan dabaru ke nunawa shi ne itacen yana rayuwa ne da ƙasa da ruwa da hasken rana kamar kowane itace, rabon tokar a jikinsa kaɗan ne ƙwarai.

6.0 Auna Da'awar Kare Muhalli

Kafin toka ta isa gindin itace an riga an ƙona iskar gas mai yawa a tanderu, an saki iskar kabon, tare da tururin zaiba daga cikon haƙora, abin da ya sa Birtaniya ta tilasta wa gidajen ƙonawa sanya matatun hayaƙi. Dashe ɗaya yana buƙatar shekaru masu yawa kafin ya zuƙe kwatankwacin abin da aka saka a iska, idan ma ya rayu. Saboda haka dasa itace ba ya goge illar ƙonawa.

Alfanun da ake iya tabbatarwa yana wani gefen. Ana kauce wa siminti da dutsen da ake fasowa daga nesa, da maganin ciyawa da ban-ruwan da makabartun Turai ke ci. Mafi girma kuma, dajin da aka mayar makabarta yakan sami kariyar doka da kuɗin shiga, dangin mamata kuma su zama masu tsaronsa. Idan an kwatanta, binne gawa ɗungurungum cikin likkafani ko akwati mai ruɓewa, kamar yadda aka fara a makabartar daji ta Carlisle a Ingila a 1993, ya fi sauƙi ga muhalli, domin babu wuta a ciki, jiki kuma yana komawa ƙasa da dukkan sinadaransa. Wannan siga ta yi kusa da jana'izar Musulmi wadda Hausawa suka saba da ita.

7.0 Doka da Addini

Dokokin ƙasashe sun bambanta. A Birtaniya dangi suna iya karɓar toka su binne a lambun gida, sai dai idan an sayar da gidan, itacen da abin da ke ƙarƙashinsa sun koma hannun baƙo. A Jamus doka ta wajabta binne toka a makabarta mai lasisi, in ban da 'yan sassauci kamar wanda jihar Bremen ta yi a 2015, don haka kowane dajin binnewa sai an yi masa rajista a matsayin makabarta. Dokar Japan ta 1948 ita ma ta taƙaita binnewa ga wuraren da aka amince da su.

Ta fuskar addini, Musulunci ya haramta ƙona gawa, haka ma Yahudawa masu riƙo da gargajiya da cocin Otodoks, don haka batun bai shafi mabiyansu ba tun daga tushe. Cocin Katolika, a umarnin da fadar Batikan ta fitar a 2016, ta hana watsa toka da ajiye ta a gida da raba ta tsakanin dangi, ta kuma buƙaci a ajiye ta a keɓaɓɓen wuri mai alfarma. Ɗaya daga cikin dalilanta shi ne gudun aƙidar cewa mutum yana narkewa ne cikin halitta bayan mutuwa, wadda ita ce aƙidar da tallar komawa itace ke jingina da ita.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa al'adar itacen tunawa ta samo asali ne daga yawaitar ƙona gawa da ƙarancin fili da raunin zumuncin da ke kula da kaburbura. Ta kuma nuna cewa tokar gawa garin ƙashi ce mai kaifi da gishiri, wadda sai an rabe ta ko an gauraya ta kafin tsiro ya rayu a kusa da ita. Ga masu fassara da masu ƙirƙirar kalmomi a Hausa, wannan yana nuna cewa garin ƙashi ya fi toka dacewa a rubutun kimiyya. Ga masu nazarin al'ada kuwa, akwai fagen kwatanta wannan sabon tsari da matsayin itatuwa a makabartun ƙasar Hausa, musamman tambayar wane ne ke da alhakin dasa su da kare su yayin da birane ke matsowa kusa da makabartu.