Zango a Bakin Bahar

Abin al'ajabi ne a ce Bahaushe ya shekara talatin a Fatakwal, ya yi aure ya aurar, har ya ji harshen mutanen gari, amma bai taɓa zuwa ya tsaya inda ƙasa ta ƙare teku ta fara ba. Yana da uzuri, domin garin, wanda Turawa suka kafa a 1912, suka kuma haɗa shi da Inugu da layin dogo a 1916 saboda jigilar kwal, a kan kogin Boni yake, kimanin kilomita 66 daga bahar ɗin kanta. Wurin shaƙatawar da aka gina a cikin garin a 1988, aka zuba masa rairayi, a bakin ƙorama yake. Wanda ke son ganin teku ta haƙiƙa sai ya nufi tsibirin Boni, ta cikin kurmin itatuwan nan masu tsiro a ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a sarari bisa laka, ƙaguwa na kai da komo a tsakaninsu.

Kwana a fili kuwa, wanda samarin zamani ke ɗauka al'adar Turawa ce saboda sun ga laimar a hoto, gadonmu ne tun zamanin fataken Gwanja. Kuma tun a ƙarshen ƙarni na 19, kafin a aza tubalin Fatakwal, maharban giwa Hausawa sun yada zango a Elele. Madugu na ƙwarai yakan duba tudu, ya duba ruwan sha, ya nemi izinin masu ƙasa, kana ya ce a sauke kaya, kuma waɗannan sharuɗɗa uku har gobe suna aiki a bakin teku. Abin da madugu bai sani ba, domin babu shi a daji, shi ne ruwan da ke tafiya ya komo.

Bisa hikimar Ubangiji, teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini da dare, kowanne kimanin sa'a shida, lokacin kuma yana jinkirta wajen minti hamsin kullum, gwargwadon jinkirin fitowar wata, domin watan ne ke janta. Saboda haka Musulmi, wanda ibadarsa ta riga ta koya masa lissafin wata, ya fi kowa sauƙin gane al'amarin: a tsayuwar wata da daren sha huɗu cikar takan kai matuƙa, a wajen bakwai da ashirin da biyu kuwa takan yi sauƙi. Wanda ya iso da la'asar, ya tarar da rairayi shimfiɗe fetal, ya kafa laima kusa da ruwa don jin daɗin iska, bai yiwuwa ya kai asuba tabarmarsa a bushe. Alamar da masunta ke bi ita ce layin tarkacen da ruwa ya bari, ɓawon kwakwa da guntayen itace da tsumman taru. Sai a wuce shi sosai zuwa tudu. Wanka kuma, a ganina, barinsa ya fi, domin iyo a kududdufi daban, igiyar da ke jan ƙafa ta ƙasa daban.

Ta fuskar ibada babu ƙunci. Ruwan teku, duk da gishirinsa, mai tsarki ne mai tsarkakewa, alwala ta inganta da shi, kuma abin da ke cikinta halal ne a mazhabar Malikiyya. Sai dai ba ya shawuwa, don haka a yi guzurin jarka. Alƙibla tana arewa maso gabas, teku tana kudu, ke nan tana hannun daman mai salla, ta ɗan baya. Mutanen Inugu da Anaca, da yake tafiyarsu ta zarce mil 48, suna da rangwamen ƙasaru matuƙar ba su yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

A Boni akwai gandun Finima, wanda kamfanin iskar gas na NLNG ya keɓe, mai faɗin kimanin hekta 1,000, da birai da tsuntsaye da ƙasusuwan wani kifi whale da aka ajiye don masu ziyara. Lokacin da ya dace shi ne Disamba zuwa Fabrairu, domin daminar can doguwa ce ƙwarai. A tafi da gidan sauro, a yi tafiyar ruwa da rana sanye da rigar kariya, saboda 'yan fashi ba baƙi ba ne a waɗannan mashigai, a kuma fara gaida sarakunan gari.

Wanda bai sami ikon wannan tafiya ba, in a Anaca yake, ya jira rani, sa'ad da Kwara ke janyewa ta bar tsibiran rairayi kusa da gadar da aka kammala a 1965. Na Inugu, garin da Malam Umaru Altine, mutumin lardin Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko, suna da tafkin Nike da dajin Ngwo, waɗanda za a je da hantsi a komo gida kafin magariba.