Irin Kifi: Daga Tekun Norwe Zuwa Tankin Tarwaɗa a Isa

Shirinmu na yau a kan kifi yake, amma ba na gulbin Bunsuru ko Gagare ba, wanda masuntanmu ke kamawa da koma da gora in ruwa ya ja baya. Kifin kiwo muke nufi, wanda ake zubawa a tankin siminti ko na tamfol a bayan gida. Gulaben ƙasar Gobir na damina ne, rani na tsananta sai yashi, ga rashin tsaro ya hana mutane da yawa a Isa da Sabon Birni sakewa su je fadama. Shi ya sa tanki a cikin gari ya zama abin dubawa.

To, mu leƙa Norwe tukuna, ƙasar da ta fi kowa kiwon kifin teku mai suna salmon. A farkon shekarun 1970, masu bincike a can suka tattaro wannan kifi daga gulabe kusan 40, suka raba shi gida-gida, suka riƙa auna kowane gida: wane ne ke saurin girma, wane ne ke jure cuta. Waɗanda suka yi zarra su kaɗai ake bari su hayayyafa. Aiki ne na mai haƙuri, don sai an shekara huɗu kafin 'ya'ya su zama iyaye. Amma zuwa zuriya ta biyar, kifin nan ya ninka kakanninsa na gulbi saurin girma, kuma abincin da yake ci kafin ya yi kilo guda ya ragu.

Haka ta fannin lafiya. A 1987, masu kiwon Norwe sun zuba wa kifi kusan tan 50 na maganin kashe ƙwayoyin cuta. Da aka samo rigakafi, ana yi wa kowane ɗan kifi allura kafin a kai shi teku, sai amfani da maganin ya faɗi warwas, alhali kifin da suke fitarwa yanzu ya haura tan miliyan ɗaya a shekara. Ba wai sun huta ba ne, har yau ƙwarƙwatar teku na ba su wahala.

Wani zai ce, ina ruwan Bagobiri da kifin da bai taɓa gani ba? Ruwansa shi ne iri. Manominmu ba ya shuka geron da bai san asalinsa ba, tun a gona yake ware zangarniyar da ta fi cika. Amma in aka zo 'ya'yan tarwaɗa, sai a kawo masa su cikin jarka daga nesa, ya ƙirga, ya biya, bai tambayi uwa ba balle uba. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen kiwon tarwaɗa, sai dai masu ƙyanƙyasa da yawa iyayen da ke hannunsu suke ta juyawa, ana haɗa wa da ƙanwa shekara da shekaru. Abin da ke biyo baya masu kiwo sun san shi: kifi ya ci buhu bayan buhu bai kumbura ba, wasu su fito da lanƙwasasshen baya, 'yan ƙalilan su yi girman wuce sa'a su dinga haɗiye ƙannensu. Sai a ɗora wa ruwa laifi, ko a ce baki ne.

Ba a zaune ake ba. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, kusa da madatsar Kainji, ta daɗe tana aiki kan iri da abinci, kuma Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato na da sashen nazarin kifi. Akwai haɗin tarwaɗa da ramboshi, mai saurin girma da juriya. Sannan cibiyar WorldFish ta shigo Najeriya da ingantaccen irin karfasa mai suna GIFT, wanda aka fara tacewa a Filifin tun 1988 da dabarar nan ta Norwe. Tambayar ita ce yaushe irin wannan zai iso gabashin Sakkwato, kuma a kan nawa.

Saura abinci, wanda ke lashe fiye da rabin kuɗin kiwo. Tarwaɗa na son abinci mai furotin kusan kashi 40 cikin 100, don haka dusa kaɗai ba ta kai ta ko'ina. Su kansu mutanen Norwe sun rage garin kifi ƙwarai, sun koma ga waken suya da man tsirrai, ana kuma gwada tsutsar wani baƙin ƙuda. Mu nan muna da waken suya da ƙuliƙuli. Sai dai a yi hattara: gyaɗa ko masarar da ta sha danshi har ta yi hunhuna tana ɗauke da gubar aflatoksin, mai lalata hantar kifi ta tsayar da girmansa. Buhun abinci a ɗora shi kan katako, nesa da bango, kuma kada a sayi wanda ya wuce na 'yan makonni lokacin damina.