Kafin Ka Bari a Ɗora wa Motarka Injin Folish

Wanda ke bin hanyar Nnamdi Azikiwe ta gefen Tirkaniya safe da yamma ya san yadda jikin mota ke shan wahala. Yau mai Keke Napep ya goge ta, gobe ɗan acaɓa ya kutsa ta tsakani, jibi yaro ya bi jikinta da tsinke. Mai mota ya ga zane a jikin ƙofa, ransa ya ɓaci, sai ya kai ta wurin masu wankin mota ya ce, "Don Allah a ɗan goge min wannan." A nan ne ake yawan yin garin neman gira a rasa ido.

Abin da mutane da dama ba su sani ba shi ne folish ba ya cike kwarzane. Cin fentin da ke kewaye yake yi har ya daidaita da zurfin zanen, sai ido ya daina ganinsa. Kuma fentin da ake ci ɗin ba shi da yawa. Motocin zamani suna da shimfiɗa uku: ta ƙasa mai kama ƙarfe, sannan launi, sannan wata mai kama da gilashi da masu fenti ke kira kiliya. Ita ce mai sheƙin, ita ce kuma ke kare launin daga rana. Idan fentin kamfani ne, kaurin kiliya bai kai na silin gashin kai ɗaya ba. Abin da inji ya cinye daga cikinta ya tafi ke nan, sai dai a sake feshi.

Tsofaffin direbobi za su ce ai su da tsumma da man gurza suke fito da fuskar mota. Gaskiyarsu. Kamfanin Peugeot na Kakuri, maƙwabcin Tirkaniya, ya fara harhaɗa 504 a shekarar 1975, kuma yawancin fentin wancan zamani launi ne zalla ba kiliya a kansa, shi ya sa tsumma ke rinewa da launin motar idan ana gogawa. A motar yau kuwa, ganin launi a jikin soso alama ce ta an huda kiliya, ɓarna ta riga ta auku.

Don haka kafin a taɓa komai, a wanke wurin, a ja farce a kan zanen. Idan farce ya maƙale, ko kuma ana hango fari, toka ko ƙarfe a ƙasa, wannan aikin mai fenti ne, folish ba zai fitar da shi ba. Idan farce ya wuce sumul, kuma zanen ya ɓace da aka zuba masa ruwa, to a saman kiliya yake. Wani lokaci ma ba kwarzane ba ne, fentin Keke ne ya manne, kuma tsumma mai laushi da ɗan man folish sun ishe shi.

Maganar inji ita ce mai haɗari. Akwai mai juyawa a wuri ɗaya kamar fanka. Yana da sauri, ƙwararru na son sa, amma yana tara zafi, kuma a hannun ɗan koyo daƙiƙa kaɗan sun isa ya ƙona fenti. Akwai kuma wanda ke juyawa yana karkarwa lokaci guda, ba ya zama a wuri ɗaya, shi ne ya fi dacewa da ƙaramin zane da kuma wanda hannunsa bai faɗa ba. Na ukun ba injin folish ba ne sam, ko da yake za ka gan shi: injin yankan ƙarfe na masu walda da aka ɗaura wa soso. Wannan yakan yi juyi wajen 11,000 a minti ɗaya, alhali injin folish na gaske tsakanin 600 ne zuwa 3,000. Idan ka ga an nufo motarka da shi, ka karɓi makullinka cikin mutunci.

Shi ma abin da ake maƙala wa injin iri-iri ne. Na ulu ya fi kowanne ci, yana kuma barin zane-zane masu kewaya waɗanda sai a rana ake ganinsu, musamman a baƙar mota. Na soso akwai mai tauri, akwai matsakaici, akwai mai laushi na gamawa. Kada ka dogara da launinsa, domin kowane kamfani da yadda yake rina nasa. Matsa shi da yatsa ka ji. Ana farawa ne da mai laushi da man da bai cika ci ba, a gwada a wuri kamar faɗin tafin hannu biyu. Sai in bai fita ba a ƙara mataki. Samfefa kuwa, ko mai lamba 2000 ce da ruwa, a bar wa mai fenti.

Ka dubi soson da kyau. Wanda ya faɗi ƙasa a garejin da ba daɓe ya kwashi yashi, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta fi kiliya tauri nesa ba kusa ba. Wannan dalilin ne ya sa al'adarmu ta kakkaɓe mota da busasshen tsumma lokacin hunturu ita ce uwar mafi yawan ƙananan zanen da muke kuka da su. Ruwa ya kamata ya fara sauke ƙurar.

A yi aikin a inuwa, jikin mota da sanyi. A sassauta hannu a gefen ƙofa da kan layukan bonet, inda fenti ya fi siranta, haka ma bamba ta roba da ba ta sakin zafi kamar ƙarfe. Idan motar 'yar Kwatano ce, ka gaya wa mai aikin duk ɓangaren da ka san an taɓa yi wa feshi ko an cika da fila.

Akwai kuma wata dabara da ya kamata ka sani. Wani zai shafa kaki ko mai, zane ya ɓuya, ka biya ka tafi kana murna, bayan wanki biyu ko uku da omo ya dawo inda yake. Ka ce masa, "Malam, a wanke wurin da sabulu tukuna, mu fitar da ita rana mu gani," sannan ka sa hannu a aljihu.