Malejin Mota da Wayar Hannu: Wanne Ne Yake Faɗin Gaskiya?

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa suna da a-kori-kura ko tarakta, waɗansu kuwa haya suke yi lokacin kai amfanin gona kasuwa. Sau da yawa gardama takan tashi a gidan gaba. Direba ya dubi maleji ya ce yana gudun kilomita 80 a awa ɗaya. Ma'ajin ƙungiya ya dubi taswirar da ke cikin wayarsa ya ce a'a, 75 ne. Wa ya yi ƙarya? Babu ko ɗaya. Amma ya kamata mu san dalilin wannan bambanci, gama rayuka da kuɗin ƙungiya suna ciki.

Yadda maleji yake aiki

Maleji ba ya ganin hanya. Abin da ya sani shi ne juyawar taya. A tsofaffin motoci, wata waya ce take fitowa daga giyabos tana juyawa, ita take motsa allurar. A sababbi, wata 'yar na'ura ce take ƙirga juyin da lantarki. Duk ɗaya ne, ƙirgen juyi ake yi.

Mu ɗauka zagayen taya mita 2 ne. Sai ta juya sau 500 kafin mota ta ci kilomita ɗaya. Da wannan lissafi masu ƙera mota suka daidaita maleji. Idan girman taya ya sāke, maleji ba shi da labari. Zai ci gaba da ƙirga juyi 500 a kan kilomita ɗaya.

Da gangan yake yin ƙari

Akwai wata ƙa'ida ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai lamba 39, wadda ƙasashen Turai da waɗansu suke bi. Ta hana maleji ya nuna ƙasa da ainihin gudun mota. Ta yarda ya nuna fiye, amma kada ƙarin ya wuce kashi 10 cikin 100 da kilomita 4. Wato motar da take gudun 80 na gaskiya, malejinta yana iya nuna har 92, ba a karya doka ba. Yawancin motoci ba sa kai haka, ƙarin kilomita kaɗan ne. Masu ƙera mota sun san taya takan suɗe, iska takan ragu, saboda haka sukan bar rara ta wajen da ba a mutuwa.

Yadda waya take sanin gudu

Waya ba ruwanta da taya. Tana sauraron taurarin ɗan adam na GPS, waɗanda ƙasar Amurka ta harba. Suna can sama wajen kilomita 20,200, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana ɗaya. Waya tana bukatar saƙon aƙalla huɗu kafin ta san inda take. Kun san yadda ƙarar ham ɗin babbar mota take sākewa idan ta nufo ku, ta kuma wuce? Haka saƙon tauraro yake sākewa sa'ad da mota take tafiya, da shi ake lissafta gudu.

A miƙaƙƙiyar hanya, sarari buɗe, gudu bai ɗaya, waya ta fi maleji kusa da gaskiya. Amma tana da nata rauni. Takan yi lissafi kamar sau ɗaya a daƙiƙa, don haka in direba ya taka birki ko ya ƙara wuta, sai ta makara. A ƙarƙashin manyan itatuwa, ko tsakanin duwatsu, ko cikin dogayen gine-gine, takan ruɗe.

Inda haɗarin yake

Maleji mai ƙari ba ya kashe kowa. Mai ragi shi ne abin tsoro, kuma mu ne muke jawo shi. Saboda ramuka da nauyin buhuna, mukan sa wa a-kori-kura tayar da ta fi tata girma. In zagayen sabuwar mita 2 ne da santimita 10, juyi 500 ya zama mita 1,050. Rarar nan da aka bar mana ta tafi. Malejin da dā yake daidai zai nuna 80, mota kuwa tana gudun 84. Lissafin kilomitocin tafiya ma zai ragu, wanda ake biyansa da shi ya yi hasara.

Na biyu, motocin da ake kawowa daga Amurka manyan lambobinsu mil ne. Mil ɗaya ya fi kilomita ɗaya da rabi. Allura a kan 60 tana nufin kusan kilomita 97. Dokar hanya ta Nijeriya ta ba ƙananan motoci 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, duka a kilomita. Mu tuna kuma, in gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki yake bukata yakan ninka sau huɗu. Da kaya a baya, abin ya fi haka wuya.

A gona fa?

A ƙasa mai laushi tayar tarakta takan yi sulɓi, tana juyawa ba ta cin ƙasa daidai. Maleji ya ce 6, tarakta kuwa 5 take yi. In muna feshi, maganin da zai sauka a kowace eka ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Kuɗi ya tafi, shuka kuma tana iya ƙonewa. Mu auna mita 100 a cikin gonar da igiya. Taraktar da take gudun kilomita 6 za ta ci su cikin daƙiƙa 60.

Abin da za mu yi

1. Mu gwada motar ƙungiya a miƙaƙƙiyar hanya. Direba ya riƙe allura a kan 60, wani dabam ya riƙe waya. Kada direba ya taɓa ta.
2. In babu waya, agogo ya isa. A gudun 60, kilomita ɗaya minti ɗaya ne cif.
3. Mu rubuta bambancin a littafin mota, mu sāke gwadawa duk lokacin da aka canja taya.
4. In waya ta nuna fiye da maleji, mu koma girman tayar da aka rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin mota.
5. Malejin da ya mutu, a gyara shi kafin a yi lodi.

Abu na ƙarshe, kada direba ya ce tun da maleji yana ƙari, bari ya ƙara wuta ya cike. A hanya mu bi maleji, waya ta zama ma'aunin gwada shi kawai. Tafiyar kilomita 100 a gudun 75 maimakon 80, minti biyar kaɗai za mu rasa. Kasuwa ba za ta watse cikin minti biyar ba.